Kufan Meiderich: Masana'antar Ƙarfen da Jamusawa Suka Ƙi Rushewa

A ranar 4 ga Afrilun 1985, ma'aikatan masana'antar narka ƙarfe ta kamfanin Thyssen da ke unguwar Meiderich, a arewacin birnin Duisburg na ƙasar Jamus, suka huda gindin tanderu na biyar, narkakken ƙarfe ya kwararo ja wur kamar yadda ya saba, daga nan aka kashe wutar, ba a sake hura ta ba. Tun 1903 ake narka tama a wurin dare da rana, kuma a cikin shekara 82 ya fitar da ɗanyen ƙarfe kimanin tan miliyan 37. Mutanen yankin kan yi wa masana'antar laƙabi da kantin maganin Ruhr, domin ta ƙware wajen haɗa nau'o'in ƙarfe na musamman gwargwadon abin da mai saye ya rubuto. Shi kansa tanderu na biyar ɗin bai tsufa ba, don a 1973 aka sake gina shi. Kasuwa ce ta kashe shi. Ƙarfe ya yi wa Turai yawa, an ƙayyade wa kamfanoni adadin da za su fitar, sai Thyssen ya tattara aikinsa a manyan masana'antunsa na bakin kogin Rhine, ya garƙame ƙofar ta Meiderich.

Abin da aka bar wa birnin shi ne kufai mai faɗin kimanin hekta 180: tanderu uku masu tsayin gidan sama mai hawa ashirin, da dogayen bututun hayaƙi, da ramukan kankare inda ake jibge tama da kwal, da layin dogo da ya ratsa ko'ina, da kuma gurbin wata tsohuwar mahaƙar kwal da wurin gasa shi. Ƙasar da ke ƙarƙashinsu ta sha kwalta da asenik da sayanayid na kusan ƙarni guda. Al'adar lokacin a bayyane take, wato a kira masu rusau, a yanka ƙarfen a sayar wa 'yan gwangwan, a share fili, sannan a zauna jiran wani mai jari da zai zo ya kafa sabon abu. An yi haka a wurare da dama na yankin, kuma a galibinsu mai jarin bai zo ba.

A Meiderich ba a rushe ba. Yau wurin lambun shaƙatawa ne na jama'a mai suna Landschaftspark Duisburg-Nord, ƙofarsa a buɗe dare da rana, babu kuɗin shiga, kuma kimanin mutum miliyan ɗaya ke ziyartarsa a shekara. Ɗaliban tsara filaye da lambuna a jami'o'in duniya suna karanta shi kamar yadda ɗalibin likitanci ke karanta fiɗa ta farko da ta yi nasara. Hanyar da aka bi aka kai ga wannan shawara ta faro ne tun kafin a kashe wutar, kuma ta ratsa ta wasu ƙasashe.

Yankin Ruhr, inda Duisburg take, kwal ne ya haife shi. A tsakiyar ƙarni na 19 ƙauyuka ne da ƙananan garuruwa. Kafin ƙarnin ya ƙare sun haɗe sun zama cibiyar masana'antu mafi girma a nahiyar Turai. A tsakiyar shekarun 1950 kusan mutum rabin miliyan ne ke aiki a mahaƙan kwal na yankin kaɗai, ban da na ƙarfe. Ma'aikata sun zo daga Poland tun da fari, daga baya kuma daga Italiya da Turkiyya, musamman bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Jamus ta Yamma ta ƙulla da Turkiyya a 1961. A wannan shekarar ce ɗan siyasa Willy Brandt ya sanya maganar tsabtace sararin samaniyar Ruhr a cikin alkawuran yaƙin neman zaɓensa, mutane da yawa suka ɗauke ta a matsayin tatsuniya, domin a lokacin matar da ta shanya farin zani da safe baƙi take ɗaukowa da yamma. Amma rana ta riga ta karkata. Daga 1958 man fetur da kwal mai araha na waje suka fara durƙusar da mahaƙai, a tsakiyar shekarun 1970 kuma cutar ta kama ƙarfe. A ƙarshen 1987 kamfanin Krupp ya bayyana aniyarsa ta rufe masana'antarsa ta Rheinhausen, ita ma a Duisburg, ma'aikata suka tare gadar kogin Rhine, suka shafe kwana 160 suna gwagwarmaya. Sun ja lokaci, amma a 1993 aka rufe ta.

Duk wanda ya san unguwar Kakuri ta Kaduna kafin masaƙu su durƙushe da kuma bayan durƙushewarsu ba ya bukatar a bayyana masa yadda unguwar ma'aikata ke zama idan jiniyar sauyin aiki ta daina kaɗawa. Albashi ne ke fara tafiya, mai shago da mai abinci da mai gidan haya su bi baya, ginin kuma ya tsaya a tsakiyar gari yana tuna wa kowa. Ba abin mamaki ba ne da mutane da yawa a Ruhr suka fi son a kawar musu da shi daga gani.

Mayar da lalataccen fili lambu ba sabon abu ba ne a Turai. A 1867 aka buɗe lambun Buttes-Chaumont a birnin Paris, a zamanin Sarki Napoleon na Uku, bisa jagorancin injiniya Adolphe Alphand. Wurin da can ramin haƙar farar ƙasar yin filasta ne, daga baya ya zama juji inda ake zubar da najasar birni da mushen dawakai. Alphand ya sa aka farfasa duwatsun da nakiya aka sassaƙa su, aka yi ta jigilar ƙasa mai kyau daga wani wuri ana shimfiɗawa, aka haƙa tafki, aka jawo ruwa yana zubowa daga saman dutse, aka ɗora wani ɗan gini irin na tsofaffin Romawa a ƙololuwa. Aikin ya yi kyau ƙwarai, kuma manufarsa guda ce: mai shiga ya manta abin da wurin yake a da. Kusan shekara ɗari wannan ita ce ƙa'idar sana'ar. Lambu magani ne na munin masana'anta, saboda haka ba a haɗa su a fili ɗaya.

Wanda ya fara karya ƙa'idar da gaske wani Ba'amurke ne mai suna Richard Haag. A birnin Seattle akwai wata masana'anta a bakin tafkin Union da ta yi aikin fitar da iskar gas daga kwal, daga baya daga mai, tun 1906 har 1956. Hukumar birnin ta sayi filin a 1962 da niyyar yin lambu irin wanda aka saba. Da aka damƙa wa Haag aikin, sai ya ce a bar hasumiyoyin ƙarfen a tsaye, domin su ne abu mafi daraja a filin. Ya sha suka ba kaɗan ba. Game da gurɓatacciyar ƙasar kuwa, maimakon a kwashe ta duka a kai wani wuri, ya sa aka cakuɗa ta da garin katako da taki na najasa domin ƙananan halittun cikin ƙasa su cinye man da ya jiƙa ta, tarkacen da ya rage kuma aka tara shi ya zama tudu aka lulluɓe. An buɗe lambun, Gas Works Park, a 1975. Sai dai nasarar ba ta cika ba. A 1984 an rufe shi na ɗan lokaci bayan gwaji ya nuna akwai sauran guba, kuma hasumiyoyin da Haag ya ceto an kewaye su da shinge, ana kallonsu daga nesa, ba a taɓawa. Filin ma ƙarami ne, hekta takwas ko ƙasa da haka.

A Jamus kuwa wasu masu ɗaukar hoto ne suka fara gyara idon jama'a. Bernd Becher da matarsa Hilla sun fara yawo tun ƙarshen shekarun 1950 suna ɗaukar hotunan tanderu da tankunan ruwa da hasumiyoyin mahaƙai, baƙi da fari, kowanne daga gaba sak, ba mutum ba hayaƙi, sannan su jera su a bango tara-tara ko goma sha biyu-biyu. Idan aka jera su haka sai mai kallo ya lura cewa kowane tanderu yana da kamanninsa, kamar yadda fuskokin 'yan gida ɗaya ke kama da juna amma ba su zama ɗaya ba. Suna cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a 1969 har aka fasa rushe zauren injuna na mahaƙar Zollern a Dortmund. Daga nan aka fara yarda, a hankali, cewa masana'anta ma tana iya zama kayan tarihi, ba majami'u da fadojin sarakuna kaɗai ba.

Waɗannan igiyoyi sun haɗu a 1989, lokacin da gwamnatin jihar North Rhine-Westphalia ta ƙaddamar da wani shiri na shekara goma mai suna IBA Emscher Park, ƙarƙashin wani masanin labarin ƙasa, Karl Ganser. A suna baje kolin gine-gine ne na duniya, amma babu rumfa ko ɗaya a cikinsa; yankin kansa ne abin bajewa. Ya haɗa garuruwa 17 a fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 800, da ayyuka sama da ɗari. Ganser ya kafa hujja da abin da kowa ke gani: yankin yana rasa mutane, masu jari ba sa zuwa wurin da ya yi ƙaurin suna da ƙazanta, saboda haka gyaran muhalli shi ne matakin farko na gyaran tattalin arziki. A Duisburg kuma wasu mazauna gari da masu kishin tarihin masana'antu sun riga sun kafa ƙungiyoyi suna adawa da rusau. Lissafi ma ya taimake su, domin rushe tanderu da kwashe ƙasa mai guba ba ƙaramin kuɗi yake ci ba, birnin kuwa aljihunsa ya riga ya huje.

Aka gayyaci rukuni biyar na masana su yi gasar zane, da sharaɗin su tare a filin su yi aikinsu a can, suna sauraron mutanen unguwa. A 1991 aka zaɓi na Peter Latz, farfesa a jami'ar fasaha ta Munich, haifaffen 1939, wanda ya tashi a yankin Saar, shi ma ƙasar kwal da ƙarfe, a shekarun da Jamusawa ke tsintar bulo daga ɓaraguzan yaƙi suna sake gina gidajensu. Ya riga ya gwada hannunsa a Saarbrücken, inda ya gina lambu a tsohuwar tashar lodin kwal da tarkacen da ya tarar a wurin.

Latz bai kawo hoton lambu kammalalle ba, irin wanda ake rataye wa a ofishin magajin gari. Ya zauna ya karanci yadda masana'antar ke aiki: ta ina tama ke shigowa, ina ake ajiye ta, wace hanya ruwa ke bi, wane layin dogo ke haɗa wane sashe da wane. Sai ya ga cewa filin da ake kira kango yana da tsari a cikinsa, tsarin da injiniyoyi suka shekara tamanin suna gyarawa. Ya ɗauki kowane tsari a matsayin shimfiɗa mai zaman kanta. Tudun layin dogo ya zama hanyar tafiya ta sama, daga inda ake hango unguwannin da masana'antar ta raba shekara da shekaru. Magudanun ruwa suka zama shimfiɗa ta ƙasa. Tsakaninsu kuma gadoji da matakala, da yawansu an ƙera su ne daga ƙarfen da aka tsinta a wurin. Abin da yake so, kamar yadda ake yawan ruwaitowa, shi ne tsohon ma'aikaci ya iya riƙo hannun jikansa ya zagaya da shi, ya nuna masa inda yake tsayawa da abin da kowace na'ura ke yi. Idan aka share filin, wannan tsoho ba shi da abin nunawa, kuma rayuwarsa ta aiki ta bi tarkace zuwa juji.

Maganar ruwa ita ce ta fi nuna halin mutumin. Kogin Emscher, wanda aka sa wa shirin sunansa, tun farkon ƙarni na 20 aka mayar da shi buɗaɗɗiyar kwata mai bangon kankare, najasar gidaje da dattin masana'antu na gudana a fili. Ba sakaci ne ya jawo haka ba: ramukan haƙar kwal sun sa ƙasar yankin tana nitsewa, duk bututun da aka binne sai ya karye. Sai da haƙar ta ja baya aka iya fara binne bututu, aikin da aka soma a 1992, ya ci sama da Yuro biliyan biyar, bai kuma ƙare ba sai ƙarshen 2021. Wani tsohon reshen kogin ya ratsa ta tsakiyar filin Meiderich a miƙe kamar an ja shi da zare. Da aka sa dattin a bututu aka binne, masu ra'ayin muhalli sun so a lanƙwasa sabon rafin ya riƙa karkacewa kamar na daji. Latz ya ƙi. Ƙasar gefen tana da guba, kuma rafi mai karkacewa a wurin da babu wani abu na asali da ya rage ƙarya ce kawai da aka yi wa ado. Ya bar shi a miƙe, ya cika shi da ruwan sama da ake tarowa daga rufin gine-gine, yana bi ta tsofaffin kwatamai da tankunan sanyaya ruwa, wata farfela mai aiki da iska tana ɗaga shi sama ya zubo don ya sha iska. Yau akwai kifi da mazari a cikinsa.

Guba kuma an bi ta gwargwadon ƙarfinta. Sashen da ake gasa garin tama ya dunƙule ya gurɓace fiye da a gyara, sai aka rushe shi, aka niƙa abin da ke da tsabta aka yi daɓe da shi. Mafi munin ƙasar aka zuba a cikin ramukan kankare masu kaurin bango, aka toshe, aka shuka lambu a kan rufin. Inda gubar ba ta kai haka ba aka rufe da sabuwar ƙasa, ko aka bar ciyayi su yi aikinsu a hankali. Ba a ɓoye wa kowa cewa tana nan ba.

Ciyayin ma suna da nasu labarin. A shekarun da filin ya yi a rufe, tsirrai sun mamaye kashin maƙera da tokar kwal, wasunsu irinsu ya shigo ne a cikin tama daga wasu nahiyoyi, ya samu ƙasa mai zafi da tsakuwa irin wadda ya sani. Masana tsirrai sun ƙirga sama da nau'i 700 a wurin. Mai lambu na gargajiya zai kira su ciyawa ya tuge. A nan sai da aka horar da ma'aikata na musamman su san wanne za a bari, wanne za a rage. A gefe guda kuma Latz ya dasa bishiyoyin ceri a layi-layi a gindin manyan tukwanen dumama iska, ta yadda idan bazarar Turai ta zo farin fure ke rufe tsatsa.

Wasu abubuwan ba shi ya ƙirƙiro su ba, jama'a ne suka riga shi. Masu wasan hawan dutse na ƙungiyar hawan tsaunuka ta Jamus sun gano cewa bangon ramukan tama, wanda duwatsu suka shekara suna gurzawa, yana da wurin kama hannu kamar dutsen gaske, suka mayar da shi filin atisaye. Masu nutso suka cika ƙaton tankin ajiyar gas da ruwa, faɗinsa mita 45, zurfinsa mita 13, suka nutsar da tarkacen jirgi da motoci a ciki. Zauren da ake zubar da narkakken ƙarfe ya zama silima ta lokacin zafi, tashar wutar masana'antar ta zama zauren kiɗa da wasan kwaikwayo, tsohon ofishin gudanarwa ya zama masaukin matasa. A tsakiyar tanderun akwai dandalin da ake kira Piazza Metallica, wanda aka shimfiɗa da faranta 49 na ƙarfe, bakwai sau bakwai, kowanne ya haura tan bakwai. A da su ne ke karɓar zafin narkakken ƙarfe. Yanzu ruwan sama ke cin su sannu a hankali, kuma an bar shi ya ci. An buɗe sashen farko na lambun a 1994. A 1996 wani ɗan Birtaniya mai tsara fitilun dandalin mawaƙa, Jonathan Park, ya haska tanderun da ja da kore da shuɗi, hoton da ya zama tambarin sabuwar Ruhr.

A nan ne ya kamata a rage murya. Lambun bai dawo da aikin yi ba, kuma masu gaskiya cikin magoya bayansa ba su taɓa cewa zai dawo da shi ba. Duisburg tana da mutum kusan 600,000 a tsakiyar shekarun 1970, yanzu tana wajen 500,000, kuma har gobe tana cikin biranen Jamus da rashin aikin yi ya fi addaba. Mai sayar da tikitin silima da mai koyar da nutso ba za su cike gurbin dubban maƙera ba. Tsatsa kuma tana da tsada: tanderun da ba a hura wa wuta lalacewa yake yi, kuma kowace shekara sai an kashe kuɗin jama'a kafin matakalarsa ta ci gaba da ɗaukar mutane. Akwai kuma ƙorafin da ya fi waɗannan nauyi, cewa wuri irin wannan ya fi iya tuna na'ura a kan mutum. Fitila mai launi ba ta nuna huhun da ƙura ta cinye, ko fursunonin yaƙi da sauran mutanen da aka tilasta wa aiki a masana'antun Ruhr a zamanin Nazi, ko Baturken da aka ba aikin da ya fi kowanne zafi da datti. Kyan da Becher da matarsa suka koya wa mutane gani kyan gini ne da babu kowa a cikinsa.

Duk da haka, idan aka auna shi da 'yan uwansa da suka biyo baya, akwai abin da ya tsare. A birnin New York an mayar da wani tsohon layin dogo na sama, wanda jirgi ya daina bi tun 1980, lambu mai suna High Line, aka buɗe sashensa na farko a 2009. Ya jawo miliyoyin 'yan yawon buɗe ido, ya kuma tayar da farashin gidajen da ke gefensa har masu ƙaramin ƙarfi da ƙananan 'yan kasuwa suka kasa zama. Ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa ƙungiyar ceto layin, Robert Hammond, ya amsa daga baya cewa ba su yi wa maƙwabtan wurin abin da ya kamata ba. A Meiderich da Hamborn da Marxloh, unguwannin da ke kewaye da lambun Duisburg, jikokin ma'aikatan ne har yanzu ke zaune, da yawansu 'yan asalin Turkiyya, kuma su ne ke turo keken jarirai cikin lambun da yamma. Wani zai ce talaucin birnin ne ya kare su daga masu dillancin filaye, ba hikimar mai zane ba, kuma yana da gaskiya a wani ɓangare. Amma rashin shinge da rashin kuɗin shiga shawara ce da wasu suka zauna suka yanke, suka kuma riƙe ta shekara talatin.

Mahaƙar Zollverein da ke Essen, wadda aka rufe a 1986, ta shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2001. Mahaƙar kwal ta ƙarshe a Ruhr, Prosper-Haniel da ke Bottrop, an rufe ta a Disambar 2018. Tanderu na biyar na Meiderich yana da matakala da ke kai mutum dandamali mai tsayin mita 70, kuma wanda ya jure hawan zai hango, ta yamma wajen kogin Rhine, tanderun kamfanin Thyssenkrupp da ke ci gaba da aiki, tururi na tashi daga cikinsu. A Nuwambar 2024 kamfanin ya sanar da shirin rage ko sallama wa wasu kamfanoni guraben aiki 11,000 daga cikin kimanin 27,000 na sashen ƙarfensa kafin 2030, kuma kimanin rabin ma'aikatan wannan sashe a Duisburg suke.